Bawul ɗin sakin iska a motar turbo: wanne za a saya, yaya za a ɗaure shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Subaru WRX, an ƙara mata matsin turbo. Na cire bawul ɗin da ta zo da shi, na sa mai fesar da iska waje saboda ina son ƙarar nan ta "fshhh". Tun ranar, in na ɗaga ƙafa zan canza giya sai motar ta yi kamar ta shaƙe, wani lokaci ta mutu in na tsaya, ga baƙin hayaƙi. Ko jabu aka sayar mini?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, mai yiwuwa bawul ɗinka lafiyarsa ƙalau, motar ce ba ta dace da shi ba.

Lokacin da kake taka totur, turbo yana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, yana cusa wa injin iska. Da ka ɗaga ƙafa, ƙofar totur ta rufe ruf, shi kuwa turbo bai tsaya ba. Iskar da ya riga ya matso sai ta rasa hanya, ta juyo ta bugi fukafukansa. Bawul ɗin sakin iska, wanda masu harkar ke kira BOV, shi ke buɗe mata mafita. Iyakar aikinsa ke nan. Ba ya ƙara wa mota ƙarfi, sai dai in tsohon yana yoyo ne ka sauya shi, kuma ba shi ke ƙayyade yawan matsi ba, wannan aikin wesget ne, wani bawul daban da ke ɓangaren hayaƙi.

Matsalarka tana wajen inda iskar ke zuwa bayan an sake ta. WRX tana auna iska da na'urar MAF, wadda ke zaune tsakanin matatar iska da turbo. Duk iskar da ta wuce ta nan, kwamfutar motar ta ƙidaya ta, ta kuma auna mata fetur ɗinta. Bawul na asali yana mayar da iskar bakin turbo, bayan na'urar, saboda haka lissafi bai ɓaci ba. Naka kuwa watsar da ita yake yi. Kwamfuta na zuba man iskar da ta riga ta gudu, mai ya fi ƙarfin iska, injin ya sarƙe. Idan motar ta huce ka shafa yatsa cikin bakin salansa, za ka ga baƙin toka busasshe. In aka daɗe a haka fulogi zai yi baƙi, matatar hayaƙi ma ta sha wuya.

Da ni ne, zan koma bawul mai mayar da iska, na asali ko wani mai jikin ƙarfe. Akwai masu baki biyu, irin na kamfanonin GFB da Turbosmart, da ke mayar da wani kaso su fesar da saura. Suna rage matsalar, ka kuma samu ɗan ƙarar da kake so. In kuwa sai mai fesarwa gaba ɗaya, to sai ƙwararre ya sake tsara kwamfutar ta riƙa lissafi da MAP, mai auna matsin da ke cikin manifol, wato bututun da ke raba wa injin iska bayan ƙofar totur. Wannan babban aiki ne, kuma ban ga dalilin yin sa don ƙara kawai ba.

Tambaya: Tawa da MAP take aiki, an sa mata babban turbo da kamshaf na tsere, matsi ya kai bar 1.5. Abokina ya ce in ɗaure sifirin ɗin bawul tamau don kada matsi ya buɗe shi. Na yi, yanzu "tu-tu-tu" nake ji in na saki totur. Daidai ne?

Amsa: A'a malam, sassauta shi. Wannan "tu-tu-tu" da mutane da yawa ke sha'awa ba daga bawul yake fitowa ba, kukan turbo ne yana saran iskar da ta dawo masa. A ƙaramin matsi ba zai kashe shi yau ko gobe ba, amma a bar 1.5, wato kusan psi 22, kowane bugu yana sauka ne a kan sandar turbo da abin da ke riƙe da ita.

Abokinka ya ɗauka sifirin ne ke kokawa da matsin turbo. Dubi ƙaramin tiyon da ke shiga saman bawul ɗin: daga manifol ya taso. In kana kan totur, matsin da ke tura fistin ɗin cikin bawul daga ƙasa shi ne ke danna shi daga sama ta wannan tiyo, sai su yi kunnen doki, sifirin ya ɗan ƙara nauyi kawai ya rufe. Da ka saki totur, manifol ya koma zuƙa, ya ja fistin sama, iska ta fita. Ashe abin da ake auna sifirin da shi shi ne ƙarfin zuƙar injin a silo. Shi ya sa kamfanin Tial, mai ƙera irin wannan bawul, ke rarraba sifirin ɗinsa bisa zuƙa. Lafiyayyen injin da ba a taɓa ba yakan nuna 18 zuwa 22 a ma'aunin zuƙa na inHg. Mai kamshaf na tsere irin naka zuƙarsa ba ta kai haka ba, don haka sifirin mai laushi yake buƙata.

Ka bar injin ya yi zafi yana silo. Ka riƙa kwance sukurun saman bawul kaɗan-kaɗan har ka ga fistin ya fara ɗagawa, ko ka ji iska na motsi in ka kara tafin hannu a bakinsa. Daga nan ka mayar da shi har ya rufe, ka ƙara kamar rabin juyi. Sai ka fita hanya ka gwada a ƙaramin matsi da babba. Burinka shi ne sifirin mafi laushi da zai iya rufe bawul a silo. In ya yi laushi fiye da kima zai zauna a buɗe, ƙura ta samu hanyar shiga injin ba tare da ta bi matata ba.

Kada ka manta da tiyon nan. Ya taso kai tsaye daga manifol, gajere, ba a raba shi da wata na'ura ba. Na sha ganin an zargi bawul, alhali tiyo ne ya tsage a inda ya lanƙwashe.

Tambaya: Golf GTI ɗina mai injin 2.0 ta rage ja. Makanike ya ce bawul ne. In sayi mai ƙara?

Amsa: Kafin ka sayi komai, a toshe bakin turbo, a hura iska cikin bututun, a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda kumfa ya taso nan yoyon yake. Bawul ɗin wannan mota na lantarki ne, kwamfuta ke buɗe shi, kuma samfurin farko mai roba an san shi da yagewa. Ciro shi ka ɗaga robar a haske. In ta yage, Volkswagen ta fitar da sabon samfuri mai fistin da ke zama a gurbin tsohon, shi za ka nema.