Rijiyar Tudun Wada da 'yar na'urar tsoma wa ruwa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Rijiyar gidanmu tana bayan wurin masu gyaran batirin mota. Ɗana ya sayo wata 'yar na'ura mai kama da biro, ana tsoma ta a ruwa ta nuna lamba. Mai shagon ya ce in lambar ƙarama ce, ruwan lafiya lau. Tamu ƙarama ta nuna. In saki jiki? Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki saki jiki tukuna. Waccan na'urar da ake rubuta TDS a jikinta yawan gishirin da ya narke a ruwa kawai take ƙiyastawa, ba ta bambance kanwa da guba. Abin da ke tayar mini da hankali a rijiyarki dalma ce, domin da ita ake yin batirin mota. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dalma ta wuce miligiram 0.01 a lita ɗaya ta ruwan sha. Ita kuwa na'urarki daga miligiram ɗaya a lita take fara ƙirga, don haka dalma na iya ninka wannan ƙa'ida sau hamsin lambar ba ta ko motsa ba. Mun ga abin da dalma ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, yara fiye da 400 ta hallaka.

Na'urar da ke auna dalma a ruwa ita ce wadda ake kira AAS, a ɗakin gwaji ake samunta. Ana fesa ruwan cikin harshen wuta, a haska masa fitilar da aka ƙera musamman domin dalma; gwargwadon hasken da ya ragu, gwargwadon dalmar da ke ciki. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu dogon zuwa, akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, wato NARICT, a Basawa, akwai kuma ɗakunan gwaji na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru.

Kafin ki ɗebi ruwan, ki fara zuwa ki tambaye su irin robar da suke so, don sukan ɗiga sinadarin asid a ciki kada dalmar ta manne a jikin roba. Ki kuma tambaya ko na'urarsu tana iya gano ƙasa da 0.01, domin mai harshen wuta ba kullum take kaiwa can ba. Gwajin ƙwayoyin cuta daban ne, ki nemi a haɗa da shi.

Kafin sakamako ya fito, ki sama wa yara da mai juna biyu wani ruwan. Tafasawa ba ta cire dalma, sai ma ta ƙara tara ta in ruwan ya ƙone.