WordPress ko Shopify: Amsa ga Mai Sayar da Atamfa a Agege

Hajiya, kin rubuto cewa kina sayar da atamfa, leshi da shadda a Agege, kina saro kayanki daga kasuwar Balogun, kuma matashin da zai buɗe miki shago a intanet ya ce ki zaɓi ɗaya tsakanin Shopify da WordPress, ke kuwa kina son sanin wanda jarinki zai iya ɗauka.

Shopify na wani kamfanin Kanada ne, kuma don sayar da kaya kaɗai aka ƙera shi, shi ya sa da zarar an buɗe za ki tarar da wurin jera kaya, karɓar oda da lissafin abin da ya rage a shago duk a shirye. WordPress kuwa manhaja ce ta kyauta da ta fito a 2003, ana gina kowane irin shafi da ita, kuma sai an ɗora mata ƙarin manhajar ciniki irin WooCommerce take zama shago.

Ni dai WordPress zan ba ki shawara, kuma dalilina na farko dala ce. Kuɗin Shopify wata-wata ake biya da dala, kin kuma ga yadda bayan Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 har ta haura 1,500 a 2024, alhali ribar turmin atamfa ba ta ninka haka ba. Bugu da ƙari, tsarin karɓar kuɗi na Shopify ba ya aiki a Najeriya, dole ki bi ta kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack ko Flutterwave, sannan Shopify ya yanki nasa kason a kowane ciniki bayan wanda su suka cire.

Na biyu shi ne yanayin cinikinki. Akwai farashin mai sari, akwai na mai sayen yadi biyar, akwai kuma masu anko da ke ba da kafin alƙalami su cika daga baya. Manhajar da aka yi don aiki guda, irin Shopify, takan buƙaci ƙarin ƙananan manhajoji na biya kafin ta ɗauki irin wannan, ita kuwa WordPress mai haɗa manhaja zai iya lanƙwasa ta yadda kike so.

Sai dai WordPress tana son kulawa, domin idan aka bar ta ba sabuntawa, masu kutse kan samu ƙofa. Ki yi yarjejeniya a rubuce da matashin kan kuɗin kulawa na shekara, ki tabbatar sunan shafin da duk kalmomin sirri suna hannunki da adireshin imel ɗinki, saboda ko ya samu wani aiki ya tafi, masu iya WordPress suna da yawa a Yaba da Ikeja, wani zai ɗora daga inda ya tsaya.