Ko batir mai daskararren sinadari zai jure zafin Sakkwato?

Malam, ka tambaya ko zai jure zafinmu na Afrilu. Zai jure, domin babu ruwan sinadarin nan mai kama wuta na batirin litiyam da aka saba a cikinsa, kuma zafi na ƙara masa saurin wucewar litiyam.

Damuwar tana wajen haɗa daskararren sinadarin. Nau'in salfa, kamar LGPS da aka fitar a Japan a 2011, litiyam na gudu a cikinsa kusan kamar a cikin ruwan sinadari, amma da ya sha danshi sai ya fitar da iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Nau'in LLZO kuwa tangaran ne, sai an gasa shi sama da digiri 1000, kuma idan aka matsa caji, litiyam kan tsiro ta tsagoginsa ya haɗa waya. Saboda haka, don gidanka yau, batirin litiyam mai ruwan sinadari da ake kira LiFePO4 ya fi.