Tambayoyinku: Ɗana zai hau dutse mai aman wuta da tsakar dare, in ƙyale shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki. Ɗana ne yake karatu a Malesiya, shekaranjiya ya kira ni wai idan sun samu hutu shi da abokansa za su je wani tsibiri Bali a ƙasar Indonesiya su hau wani dutse wai shi Batur don su kalli fitowar rana. Da farko ban damu ba, sai da ƙanwarsa ta duba a waya ta ce min Umma ai dutsen mai aman wuta ne kuma har yanzu bai mutu ba, kuma wai ƙarfe biyun dare za a zo a ɗauke su. Wallahi Malam tun lokacin barcina ya ƙaura. Shi dai cewa yake akwai masu yi musu jagora kar in damu. Ni kuma na ce ranar da take fitowa kullum a gida ma me ya same ta? Don Allah in hana shi ko in ƙyale shi?
Daga wata uwa a Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali. Ki ƙyale shi ya je, amma da sharuɗɗa, kuma zan faɗa miki su a ƙasa.

Ƙanwar tasa ba ta yi ƙarya ba, Batur dutse ne mai rai. Yana yankin Kintamani a arewa maso gabashin Bali, tsayinsa mita 1,717, kuma tun shekarar 1804 da aka fara rubuta tarihin amansa ya yi amai fiye da sau ashirin. A 1926 narkakken dutsen da ya kwararo ya cinye ƙauyen Batur da ke gindinsa, dole mutanen suka tattara suka koma saman tudu suka sake gini har da wurin bautarsu, a 1963 ma ya sake zubar da wanda har yau baƙin filinsa yana nan ana kai baƙi kallo. Amansa na ƙarshe a shekarar 2000 ne. To tun daga lokacin kusan kullum da asuba akwai jerin mutane a kan hanyarsa riƙe da tocila, har da masu shekaru da yara 'yan sakandare, abin ya zama sana'ar mutanen ƙauyukan wurin.

Abin da ya sa ake tashi da tsakar dare lissafi ne kawai. Daga garin Ubud inda yawancin baƙi suke sauka zuwa gindin dutsen ya fi awa ɗaya a mota, ana fara hawa wajen uku da rabi zuwa huɗu, hawan kansa kamar awa biyu ne, rana kuma tana fitowa wajen ƙarfe shida. Ba daga bakin teku ake farawa ba, ƙauyen Toya Bungkah da ake yawan tashi daga shi yana bakin tafkin Batur ne wanda shi kansa ya haura mita 1,000 a sama, kin ga ainihin abin da ƙafa za ta hau kamar mita 700 ne. Amma fa kar ya ɗauka hawan Dala ne da ake hawa ana hira a kan matattakala, rabin ƙarshe na hanyar tsakuwa ce da baƙin yashi mai zamewa, mutum ya taka gaba ƙafa ta ja baya, ga duhu, ga wanda yake bayanka yana jira ka matsa.

Yanzu maganar da na fi so ki riƙe. Ɗan jagora yana da amfani sosai, shi ya san hanya cikin duhu, shi zai riƙe hannun wanda ya gaji, shi ya san gefen ramin da ƙasarsa ke zaftarewa, kuma a Batur kusan dole ne ma don ƙungiyar 'yan jagora na yankin ba sa barin baƙo ya wuce shi kaɗai ba tare da rigima ba. Sai dai ɗan jagora bai san abin da ke cikin dutse ba. Masu sanin wannan su ne ma'aikatan hukumar gwamnatin Indonesiya mai sa ido kan duwatsu masu aman wuta, PVMBG, da suke da na'urorin auna girgizar ƙasa da hayaƙi a kan duwatsun. Sun kasa matakin haɗari gida huɗu: na ɗaya Normal, na biyu Waspada, na uku Siaga, na huɗu Awas, kuma kowa zai iya dubawa kyauta a shafinsu na MAGMA Indonesia. Ki ce ya duba ana gobe za su tafi ya turo miki hoton a WhatsApp. In Batur yana mataki na ɗaya bismillah. In ya wuce haka ya haƙura ko da ya biya kuɗi, ko da ɗan jagora ya ce ba komai, don shi ɗan jagora in ba a hau ba ranar bai samu na cefane ba.

Ba don in tsorata ki ba, amma ga dalilin da na nace. Ranar 3 ga Disamba 2023 dutsen Marapi da ke yammacin Sumatra, a Indonesiyar nan, ya yi amai akwai mahaya 75 a kansa, sama da 20 suka rasu. A lokacin dutsen yana mataki na biyu tun 2011 kuma hukumar ta ce kar a kusanci bakinsa da kilomita 3, mutane suka saba suka ci gaba da hawa. Wannan da an bi gargaɗi da da yawa sun tsira. Akwai kuma irin wanda gargaɗin ma bai zo ba, kamar Ontake na Japan ranar 27 ga Satumba 2014, yana mataki mafi ƙasa, rana tsaka mutane suna cin abinci a samansa ya fashe, mutum 63 tsakanin waɗanda suka mutu da waɗanda ba a ga gawarsu ba. Irin wannan ruwa ne na ƙarƙashin ƙasa yake haɗuwa da zafi ya zama tururi ya tsage dutse nan take, shi ya sa na'ura ba ta cika hango shi da wuri ba. Ba zan ce miki babu haɗari kwata-kwata ba Hajiya, ƙarya zan yi. Amma a Batur abin da ya fi kai mutane asibiti zamewa ne da targaɗe da masu matsawa bakin rami don ɗaukar hoto.

Sauran sharuɗɗan masu sauƙi ne. Kambas mai kama ƙasa, ban da silifas. Rigar sanyi mai kauri, don 'yan Malesiya sun saba da zafi sun manta sanyi, a saman kuwa kafin rana ta fito yana sauka wajen digiri 10 zuwa 15 ga iska, kuma mutum ya iso da jiƙaƙƙiyar riga saboda gumi sai ya zauna jiran rana nan sanyin yake kama shi. Tocilar goshi ta fi ta waya don hannu biyu ake buƙata. In yana da asma ya tafi da abin shaƙarsa. Su zaɓi lokacin rani, Afrilu zuwa Oktoba, don daga Nuwamba zuwa Maris damina ce, hanya ga santsi kuma sau da yawa a sha wahalar hawa a tarar gajimare ya rufe komai.

Zancen ranar gida kuwa kin ba ni dariya. Ita ce dai, ba wata ba ce. Amma daga can sama mutum yana tsaye a tsakiyar wani ƙaton kwari mai faɗin kilomita 10 da tsawon kusan 14, wanda ya samu ne lokacin da wani tsohon dutse ya fashe ya rufta kusan shekara dubu 29 da suka wuce, tafkin yana ƙasa, gajimare yana ƙarƙashin ƙafarka, dutsen Agung yana gaba, in gari ya yi garau har Rinjani na tsibirin Lombok ana hangowa. Yaro mai shekara ashirin da zai tashi ƙarfe biyun dare don ya kalli halittar Allah ni ban ga abin faɗa ba, akwai abubuwan da ake zuwa Bali yi da suka fi wannan tayar da hankalin uwa.

TAMBAYA: Salam. Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Jakarta sayen kaya a kasuwar Tanah Abang, wannan karon ina so in ƙara kwana uku in leƙa Bali in hau dutsen nan da nake gani a bidiyo. Matsalata sallar asuba, na ga lokacinta ana kan hanya. Sannan na ji ance ba Musulmi ba ne a can, ya zan yi da abinci?
Daga wani mai karatu a Kantin Kwari

AMSA: Alhaji ka lura da abin da yawancin mutane ba sa tunawa sai suna tsakiyar dutse. Alfijir a Bali yana ketowa tsakanin huɗu da rabi zuwa biyar da 'yan mintuna gwargwadon wata, wato kana tsakiyar hawa. Ka yi alwala tun a ƙasa kafin a tashi, ka saka ƙaramar darduma a jaka, kuma ka gaya wa ɗan jagora tun a mota cewa za ka tsaya minti biyar. Akwai wuraren hutawa a hanya masu ɗan fili, ko kuma in kuna da sauri ka isa sama da sauran lokaci kafin rana ta ɓullo. Baƙi Musulmi daga tsibirin Jawa na Indonesiya da kuma Malesiya suna hawa sosai, don haka ba baƙon abu ba ne a wurinsu. In ka shiga babban ayari ne za su ƙosa da jira, gara ka ƙara kuɗi ka ɗauki ɗan jagora naka kai kaɗai, kai ne ma ɗan kasuwa ba sai na koya maka tambayar farashi wuri biyu uku ba.

Ka kula da alƙibla. Mu nan mun saba fuskantar gabas, a Bali kuwa Makka tana yamma ne da ɗan karkata arewa, wato inda kowa ya zuba ido yana jiran rana kai bayanka za ka ba shi. A Jakarta ma haka ne amma a masallaci ba ka lura, a kan dutse cikin duhu sai jiki ya koma abin da ya saba.

Abinci a saman ba matsala, abin da aka saba bayarwa burodi ne da ayaba da ƙwai, kuma ƙwan a tururin da ke fitowa daga tsagar dutsen ake dafa shi a gabanka, shayi da kofi kuma ana sayarwa a 'yan rumfuna. A cikin gari ne za ka buɗe ido. Mafi yawan mutanen Bali mabiya addinin Hindu ne kuma abincin da suka fi alfahari da shi gasasshen alade ne, babi guling, duk inda ka ga an rubuta babi ka wuce. Nemi gidajen abincin Padang, wato girkin Musulmin yammacin Sumatra, ko waɗanda aka rubuta Muslim ko halal a allonsu, suna da yawa.

Su kuma a wurinsu duwatsun nan wurare ne masu tsarki, za ka ga 'yan kwandunan ganye da furanni a ƙasa, ka tsallake kar ka taka. Ba wasa suke da abin ba, a 2023 gwamnan Bali na lokacin Wayan Koster har sanarwa ya yi cewa zai hana hawa duwatsun gaba ɗaya saboda rashin ɗa'ar wasu baƙi masu tuɓe kaya suna hoto. Sannan ka duba kalanda kar tafiyarka ta faɗa ranar Nyepi, sabuwar shekararsu da take zuwa yawanci a watan Maris, ranar tsibirin gaba ɗaya tsit yake na awa 24, ba fita ba mota, filin jirgin sama ma a rufe. Akwai kuma harajin baƙi rupiya 150,000 da suka fara karɓa tun Fabrairun 2024.

TAMBAYA: Malam wai in mutum ya hau zai ga wutar da idonsa tana tafasa kamar a fim?
Daga wata ɗaliba a Ngaundere, Kamaru

AMSA: A'a 'yata, a Batur tururi kawai za ki gani yana fita daga ramuka, in kin kai hannu kusa ki ji zafi, sai birai. Biran nan kuwa ɓarayi ne na gaske, sun san ƙarar leda, ayaba a hannu ko jaka a buɗe ko tabarau duk nasu ne, kuma ba a kokawa da su don cizonsu sai an yi allura.

In wuta kike so a Indonesiya sai dutsen Ijen a gabashin Jawa, inda iskar farar wuta take kamawa da wuta shuɗiya da ake gani cikin dare kawai, can kuma sai da takunkumin hana shaƙar hayaƙi ake sauka ramin. Amma ke da kike Kamaru ai kuna da naku, Dutsen Kamaru da ke Buea ya haura mita 4,000, ya ninka Batur fiye da sau biyu, ya yi amai a 1999 da 2000, kuma duk shekara ana tseren hawansa. Shi ba na safiya ɗaya ba ne, masu hawa a ƙafa kwana biyu zuwa uku suke yi da 'yan jagora da 'yan dako, ana kwana a ɗakunan da aka gina a kan hanya. In kin yi niyya ki fara motsa jiki tun yanzu, kuma ki nufi tsakanin Nuwamba da Maris, don gefen dutsen nan na bakin teku yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a duniya.