Me ya kai mutane zama a kan duwatsun Mandara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne, ina jigila tsakanin Marwa da Mokolo a arewacin Kamaru. Kullum ina mamakin mutanen da suka kafa gidaje can ƙololuwar dutse, suna noman dawa a 'yan kunyoyin da suka tokare da duwatsu, alhali ga fili fetal a ƙasa. Wani dattijo ya ce min tsoron masu kamun bayi ne ya kai su can. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Dattijon bai yi ƙarya ba, sai dai bai ƙarasa zancen ba. Da mutane a kan duwatsun nan tun da daɗewa. Kufan gine-ginen dutse da ke wajen Koza sun haura shekara ɗari biyar. Farautar bayi dai ita ta ƙara cika dutsen, ta kuma hana na kansa saukowa.

Ka duba wa ke riƙe da filin. Borno na arewa, masarautar Mandara na gindin dutsen, da fadarta a Dulo, daga baya Mora. Bayan Modibbo Adama ya karɓo tuta a 1809, sarakunan Fulani suka ƙaru a kai. Ƙarfin kowannensu doki ne. Da bayi ake sayen dawakai daga fataken arewa, da dawakan kuma ake kamo wasu bayin, a kora su ta Bilma zuwa Fezzan da Tarabulus. To, doki ba ya hawa tsauni. Barde da lifidinsa, in ya iso bakin dutse, dole ya sauka ya taka da ƙafa, su kuwa na sama ga kibiya mai dafi, ga duwatsun gangarowa. Shi ya sa za ka ga Mafawa, ɗaya daga cikin ƙabilun dutsen, sun manna rumbu da turke a cikin gida, ba su bar komai a waje ba.

Waɗanda ba su da dutse ma sun nemi madadinsa. Mutanen Musgum na bakin kogin Logone sukan tsallake kogi ko su shige fadama, kamar yadda Bature Barth ya gani da ya bi rundunar Borno a ƙarshen 1851. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne abin da wani Bature matafiyi, Nachtigal, ya gani a 1872 a Kimre, kudancin Chadi, yana tare da mayaƙan masarautar Bagirmi: mutane sun ɗaura ɗakuna a rassan rimi, sun hau da mata da yara da awaki da hatsi, suna jifa da māsu daga sama. Bindiga ce ta karya su, don ana harbo su ne daga ƙasa.

Kada kuma ka ɗauka labarin zamanin da ne can. Hamman Yaji, Lamiɗon Madagali, ya sa an riƙa rubuta masa abin da yake yi kullum daga 1912 zuwa 1927, kuma a ciki akwai harin da yake aikawa ƙauyukan dutse, da adadin mutanen da aka kamo a jere da adadin shanu. A 1927 Turawan Ingila suka tuɓe shi. Ka ga ke nan dattijon da ya ba ka labari, mai yiwuwa daga bakin kakarsa ya ji, ita kuwa da idonta ta gani.