Bunduƙ ko kokwamba: wanne ya dace da lambun bakin kogi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan lambu kusa da bakin kogi a Maiwurno, jihar Sinnar ta Sudan, kuma akwai wani ɓangarensa da ban shuka kome ba. Ƙanena ya aiko mini da 'ya'yan bunduƙ (ƙwayar itace mai ɓawo da Turawa ke kira hazelnut) daga Turkiyya, muka ji daɗinsu, kuma na ji suna da tsada a kasuwa. Maƙwabcina yana cewa in bar wannan tunani in shuka kokwamba. Wanne ya fi, kuma yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maƙwabcinka ya faɗa maka gaskiya, amma ya kamata ka san dalilin, domin ba ƙarancin taki ko rashin ƙwarewa ne zai hana bunduƙ yi a lambunka ba. Abin da zai hana shi shi ne rashin sanyi, kuma wannan ba abu ne da mai lambu ke iya saye ko ya janyo da injin ban ruwa ba.

Bunduƙ itace ne na ƙasashen da hunturunsu ke da tsawo da sanyi. Turkiyya ce ke samar da fiye da rabin abin da duniya ke ci, kuma kusan dukkansa daga gangaren duwatsun da ke bakin Baƙin Teku yake fitowa, kamar yankunan Ordu, Giresun, Samsun da Trabzon, inda ruwan sama a wurare da yawa ke haura milimita 1,000 a shekara, iska kuma na ɗauke da laima. Bayan Turkiyya akwai Italiya, Azarbaijan, Jojiya da jihar Oregon ta Amurka. Itacen yakan zubar da ganyensa a ƙarshen kaka ya shiga barci, kuma ba ya farkawa yadda ya kamata sai ya tara sa'o'i masu yawa a cikin sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyas ba. Gwargwadon iri, abin da yake buƙata yana farawa daga sa'o'i ɗaruruwa har ya haura 1,000. A Sinnar kuwa, ko a tsakiyar Janairu da mutane ke kwana da bargo, da wuya dare ya sauka ƙasa da digiri 10, kuma kafin azahar rana ta sake haura 30. Itacen da bai sami wannan barci ba yakan yi tsiro a warwatse, furensa ya ƙi fita tare, ya yi ta ramewa har zafin Afrilu da Mayu, wanda ke wuce digiri 40, ya ƙone ganyensa.

Ko da a ce sanyin ya samu, akwai sauran sharuɗɗa. Iska ce ke ɗaukar garin furen bunduƙ daga wannan itace zuwa wancan, kuma itacen ba ya karɓar garin furen kansa ko na irinsa, saboda haka dole a dasa aƙalla iri biyu mabambanta waɗanda furensu ke buɗewa lokaci guda. Saiwarsa ba ta nitsewa ƙasa sosai, ba ta son ruwa ya kwanta mata, ba ta kuma son ƙasa mai gishiri ko kanwa, alhali baƙar lakar yankinmu tana riƙe ruwa da damina, ta tsage da rani. Sannan sai an jira shekara huɗu ko biyar kafin a ga 'ya'yan farko, cikakken amfani kuma sai wajen shekara takwas zuwa goma. Game da waɗanda ƙanenka ya aiko, idan gasassu ne, kamar yadda akasarin na kanti suke, ba za su tsira ba. Idan ɗanyu ne a cikin ɓawonsu, ana iya sa su cikin yashi mai damshi a firji na wata uku su tsira, sai dai firjin da ya yaudari ƙwaya ba zai ɗauki itace mai tsawon mita huɗu ba.

Kokwamba akasin haka ce ta kowace fuska. Asalinta daga Indiya ne, tana son ɗumi, kuma duk rayuwarta ba ta wuce wata uku zuwa huɗu. Iri yakan tsira cikin kwana 3 zuwa 7, a fara tsinka bayan kwana 50 zuwa 70. Idan shukar ta lalace, asararka ta 'yan makonni ce da kuɗin iri, ka sake gwadawa a shekarar.

Sai dai kada a ɗauka cewa tunda tana son ɗumi za ta jure kowane zafi. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 30, shi ya sa lokacin da ya fi dacewa da ita a wajenku shi ne daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kuma kogi ya fara ja da baya, domin ta yi fure ta yi 'ya'ya a cikin hunturu. Wanda ya jinkirta har Fabrairu zai haɗu da abin da masu lambu da yawa ke kuka da shi: yabanya ta yi kyau, fure rawaya ya cika ta, amma babu 'ya'ya. Dalili shi ne kokwamba tana fitar da fure iri biyu a jiki ɗaya. Idan ka duƙa ka duba, za ka ga na mace yana da ɗan ƙaramin kokwamba kamar yatsan jariri a bayansa, na namiji kuma siririn kara kawai gare shi. Na namiji ne ke fara fitowa, wannan ba abin damuwa ba ne, amma tsananin zafi yana sa shukar ta yi ta fitar da shi ta rage na mace. Ƙudan zuma ne ke haɗa su, don haka kada a yi feshin magani da safe lokacin da suke yawo. A bari sai yamma.

A baƙar laka, a ɗaga kunya mai faɗi, wadda manoman nan ke kira mastaba, a shuka a gefenta, ta yadda ruwa zai bi kwari ya jiƙa saiwa ba tare da ya taɓa kara ko 'ya'ya ba. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi tun kafin shuka, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami mai zurfin santimita 2, a bar santimita 40 zuwa 50 tsakanin ramuka, daga baya a cire raunana. Idan fili ya yi kaɗan, a kafa sanduna a ɗaura igiya ta hau, 'ya'yan za su fito a miƙe kuma da tsabta.

Ban ruwa ne wurin da aka fi yin kuskure. Kusan kashi 95 cikin 100 na kokwamba ruwa ne, saiwarta kuma a sama-sama take. Idan aka bar ta ta yi ƙishi sannan aka malala mata ruwa, 'ya'yan sukan lanƙwashe su yi ɗaci. Gara ruwa kaɗan a kai a kai da mai yawa jifa-jifa. A riƙa juya ganye ana duba bayansa saboda farin ƙuda da ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye, domin su ne ke yaɗa cututtukan da ke sa ganye ya yi rawaya ko ya nannaɗe, kuma shukar da ta kamu ba ta warkewa, sai a tuge ta. Farar ƙura da ke bayyana a kan ganye a lokacin sanyi cuta ce ta daban, kuma garin kibiritu (farar wuta) na feshi yana rage ta idan aka fara da wuri, amma kada a fesa shi da tsakar rana. Idan ta fara 'ya'ya, a tsinka duk bayan kwana biyu. Wanda aka bari ya ƙosa ya yi rawaya yana sa uwar ta rage haihuwa.

A nawa ganin, ka raba wurin biyu. Rabi ka sa kokwamba a hunturu, rabi kuma ka bar wa ajjur, ɗan'uwan gurjin da muka sani, wanda ya fi ta jure zafi nesa ba kusa ba, kuma kasuwarsa ba ta mutuwa tunda da shi ake yin salatar rob, wato ta kindirmo, a kusan kowane gida. Idan burinka itace ne da zai daɗe, mangwaro, gwaiba da lemun tsami sun riga sun nuna suna yi a gaɓar kogin nan daga Sinnar har Sinja, kuma za ka iya shuka kokwambar a tsakaninsu a shekaru biyu ko uku na farko, kafin inuwarsu ta rufe wurin.