Kurege ya tare a silin: wane tarko za a saya, kuma ina za a kai shi?

Tambaya: Sati uku ke nan kurege ya tare a cikin silin ɗinmu. Da asuba sai mu ji guje-guje da ƙarar gwaguya. Ba na son in kashe shi, so nake in kama shi da rai. Wane irin keji zan saya?

Amsa: Malam, kana da gaskiya da ka damu. Haƙoran gaba na kurege ba sa daina tsiro muddin yana raye, shi ya sa dole ya yi ta gwaguya, kuma bai san bambancin katako da wayar lantarki ba. Wayar da aka ɓare wa fata a cikin silin tana iya jawo gobara.

Nemi kejin waya mai ƙofa ɗaya, tsawonsa kamar santimita 40 zuwa 45, faɗinsa da tsayinsa wajen santimita 13. Kamfanoni irin su Havahart da Tomahawk sun daɗe suna ƙera irinsa, amma kada suna ya ɗauke maka hankali, ka gwada kayan da hannunka. Taɓa farantin da dabbar ke takawa da ɗan yatsa: idan sai ka danna da ƙarfi ƙofar ke faɗuwa, kurege zai ci abincin ya fice abinsa. Bayan ƙofar ta faɗi, tura ta daga ciki ka ga ko makullinta ya kama. Idon ragar ya zama ƙanana, don kada ya zuro hannu ta waje ya jawo abincin, wayar kuma ta zama wadda ba ta tsatsa, babu tsinin da zai yanke shi. A ƙarƙashin mariƙin kejin a sami farantin ƙarfe da zai kare yatsunka daga cizo. Mai ƙofa biyu yana da amfani idan ka san hanyar da yake bi kullum, amma ga wanda bai saba ba, mai ƙofa ɗaya ya fi sauƙin ɗanawa.

Abincin da za ka saka a kejin kuwa, gyaɗa da man gyaɗa mai kauri sun ishe ka. Shafa shi a can bayan farantin, yadda sai ya shige gaba ɗaya kafin ya kai baki. Kwana biyu ko uku na farko ka ɗaure ƙofar a buɗe, ya shiga ya ci ya fita lafiya, har ya saki jiki. Kurege ba a san shi da wauta ba, wanda ƙofa ta taɓa bugun wutsiyarsa ya tsira da wuya ya sake kusantar kejin.

Amma kafin ka ɗana komai, hau da tocila ka duba. Sau da yawa wanda ya tare a silin mace ce da ta zo haihuwa, 'ya'yanta kuma suna dogara da ita har kusan sati goma. Ka kama uwar ka tafi da ita, ka bar jarirai su mutu da yunwa a saman kanka, daga baya wari ya sanar da kai. Idan ka ga sheƙa da 'ya'ya, yi haƙuri su girma su fara fita da kansu.

Tambaya: Na kama kurege a keji jiya da yamma. Maƙwabcina ya ce in kai shi daji mai nisa in sake shi. Haka ne daidai?

Amsa: Hajiya, na san da kyakkyawar zuciya aka ba ki wannan shawara, kuma kusan kowa haka yake zato. Abin da ke faruwa bayan an buɗe ƙofar kejin ne mutane ba sa gani. A wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2004, an kwashe kurege masu ruwan toka daga unguwanni aka sake su a daji, ana bin sawunsu. Cikin kwana 88, kashi 97 cikin 100 sun mutu ko sun ɓace daga wurin. Dabbar da aka jefa a baƙon wuri ba ta san inda ruwa yake ba, ba ta da maɓoya, abincin da ta binne ya rage a baya, kuma 'yan'uwanta da suka riga ta a wurin ba za su yi mata maraba ba.

Akwai kuma doka, wadda ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A Birtaniya laifi ne mutum ya saki kurege mai ruwan toka bayan ya kama shi, domin baƙo ne da aka shigo da shi daga Arewacin Amurka tun 1876, ya kuma danne jan kurege na asalin ƙasar. A jihar Kalifoniya ba a yarda a ɗauki dabbar daji a kai ta wani wuri ba tare da izini ba, kuma dole a duba tarko kullum. Ki tambayi hukumar kula da namun daji ta inda kike kafin ki ɗauki mataki.

Inda doka ta yarda, abin da na fi so shi ne wannan: a toshe kafar da ya shigo da ragar ƙarfe mai kauri, sannan a sake shi a nan harabar gida, wurin da ya sani. Kafar ita ce matsalar. Kurege na iya kutsawa ta ramin da bai wuce santimita 4 ba, kuma idan aka kawar da wannan aka bar ramin, wani zai gaje shi. A sare rassan da suka kusanci rufi, a bar tazarar mita biyu zuwa uku. A rufe kwandon shara da duk hatsin da ke ajiye, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma don Allah kada ya ƙara kwana a kejin. Na taɓa ganin wanda aka manta da shi yini guda cikin rana: hancinsa ya saɓule saboda gogar waya, yana kwance a gefe yana haki, ko motsi ya kasa. Wannan hoton bai bar ni ba har yau. Ki lulluɓe kejin da tsumma ya sami natsuwa, ki ajiye shi a inuwa. Duk wanda zai ɗana keji ya duba shi safe da yamma. Ranar da ba ya gida ya kwance shi.

Tambaya: Tarkon gam ya fi arha. Ba zai yi ba?

Amsa: Kada ka saya, ɗan'uwa. Dabbar da ta maƙale tana fizge-fizge har fatarta ta yage, ta yi awoyi ko kwanaki kafin ta mutu, kuma gam ba ya zaɓe: tsuntsu, ƙadangare, bushiya, ɗan kyanwa, duk yana kamawa. Ingila ta hana jama'a amfani da shi tun 2024, sai ƙwararru masu lasisi.

Tambaya: Yarana suna son taɓa gafiyar da ta faɗa kejin. Akwai haɗari?

Amsa: Akwai, Hajiya, ki hana su. A 2003 cutar ƙyandar biri ta ɓulla a Amurka, aka bi diddigi aka gano ta shigo ne ta wasu ƙananan dabbobin daji da aka kai daga Ghana, cikinsu har da gafiya da kurege. Zazzaɓin Lassa ma ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera yake kama mutane. Ki sa safar hannu mai kauri duk lokacin da za ki ɗauki kejin, ki riƙe shi nesa da jikinki. Kashin da suka bari kada a share shi a bushe, ƙurar ce ake shaƙa. A jiƙa shi da ruwan bilic, a jira minti biyar, a kwashe da tsumma a zubar. Idan kuwa an yi cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa, a tafi asibiti a ranar.